Masu Aikin Lada: Hidimar Jama'ar Masallaci a Rara, Wurno da Goronyo

Aikin sa-kai na jama'ar masallaci shi ne hidimar da mutanen da ke haɗa sahu wuri ɗaya suke yi wa juna da sauran mutanen gari ba don a biya su ba. A bakin jama'a an fi jin ana ce masa aikin lada ko aikin Allah. Ya ƙunshi wankan gawa da haƙa kabari, da dubiyar marar lafiya, da tara zakka, da kula da cunkoson ranar Idi, har da faɗawa gulbi don tsamo wanda ruwa ya ci. A garuruwa irin su Rara, cikin ƙaramar hukumar Rabah, da na ƙasar Wurno da Goronyo a gabashin jihar Sakkwato, babban asibiti da ofishin agaji suna da nisa da yawancin ƙauyuka, don haka masu wannan hidima ne suke fara isa gidan mutum ranar da abu ya same shi. Yankin yana da dogon tarihi a wannan fage. Wurno na cikin cibiyoyin wata tsohuwar ƙungiyar mata masu karantarwa da hidima tun zamanin Daular Usmaniyya, kuma a Rabah aka haifi mutumin da ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam.

Tushensa a gona da a littafi

Hidimar ta samo asali daga wuri biyu. Na farko gayya. Manomin da noma ya sha kansa, ko wanda zai rufa ɗaki, yakan sanar da maƙwabta da sarkin samari, a sa rana, a zo da hauya da garma, shi kuma ya tanadi fura da tuwo da goro, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma gayya bashi ce: wanda aka yi wa yau, gobe za a nemi ganinsa a gonar wani. Takan zama sadaka tsantsa ne idan an yi ta a gonar matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko ta tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko aka fito gyaran hanyar da ruwa ya yanke. Ƙwadagon kuɗi da tafiyar samari ci-rani sun rage mata ƙarfi ƙwarai, amma ba ta mutu ba.

Na biyu shi ne hukuncin da malamai ke kira faralu kifaya, wanda ɗalibin zaure yake haɗuwa da shi tun yana karatun Iziyya da Risala. Akwai ayyukan da suka wajaba a kan jama'a gaba ɗaya: in wasu suka yi, an sauke wa kowa, in aka rasa mai yi, laifin ya hau kan duk wanda ya sani kuma yake da iko. Wanke mamaci da suturta shi da yi masa salla da binne shi suna cikinsu, haka ma ceton wanda ke bakin halaka. Hukuncin yana da sauƙi ga mutane, tunda bai ɗora wa mutum ɗaya komai da komai ba. Sai dai yana da kafar da ɗan Adam ya iya bi: tunda ba a kama sunan kowa ba, kowa na iya zaton wani ya riga ya yi. Galibin matsalolin aikin lada ta wannan kafa suke shigowa, kuma galibin tsare-tsaren da aka yi masa a tarihi an yi su ne don toshe ta.

Ranar rasuwa

Babu inda ake ganin jama'ar masallaci a bakin aiki kamar ranar da aka yi rasuwa. Da zarar labari ya kai ga liman da mai unguwa, ladan ya sanar ta lasifika, ayyuka da dama ke tashi lokaci guda, ba tare da wani ya rubuta su a takarda ba. Wani ya auna tsawon mamaci da karan dawa, ya miƙa wa samarin da za su wuce maƙabarta da diga da shebur. Su haƙa rami mai faɗi, sannan su zurfafa wani siriri a tsakiyarsa daidai kwanciyar mutum a gefensa na dama. Wasu su nemo itace ko fasassun tukwane da za a rufe shi da su, a kwaɓa ƙasa a ajiye. A cikin gari tela ya ture ɗinkin da ke gabansa ya haɗa likkafani, a aiki yara su ɗauko makara daga masallaci.

A can cikin gida kuwa ake yin aikin da ya fi kowanne nauyi. Maza ke wanke maza, mata su wanke mata. Mai wanka yakan naɗe hannunsa da ƙyalle, ya rufe al'aurar mamaci, ya yi masa alwala, ya fara da ɓangaren dama, ya wanke shi wutiri da ruwan ganyen magarya, a sa kafur a wankin ƙarshe. Sharaɗin da kowa ya sani ko ba a faɗa ba shi ne riƙon amana: abin da ya gani a jikin mamaci ba ya fita daga bakinsa har ya koma ga Allah. Daga nan a fito da gawa, liman ya ja kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada, a ɗauki makara ana karɓa-karɓa har bakin kabari. Wanda ya cika da hantsi, sau da yawa kafin la'asar an dawo an shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa na shigowa suna cewa, "Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri." Matan maƙwabta su hura wuta, don ba a barin gidan da aka yi rashi da ɗawainiyar girki.

Duk wannan a wuyan mutane ƙalilan yake. A unguwanni da yawa masu wankan gawa, musamman mata, tsofaffi ne, kuma ba kasafai ake ganin matashiya tsaye kusa da su tana koyo ba, saboda tsoro da ƙyama. Ranar da tsohuwar ta kwanta ciwo sai an aika wata unguwa ko wani ƙauye. Wannan giɓi ya kamata ya dami kowane liman, domin ilimin ba mai tsawo ba ne, kuma makarantun Islamiyya na matan aure sun isa su ɗauki nauyin koyar da shi. Akwai kuma batun lafiya. A lokacin annobar amai da gudawa, wanke gawa da hannu haka nan hanya ce ta kwasar cutar, saboda haka safar hannu da sabulu da ruwan kulorin sun cancanci zama cikin kayan jana'iza na dindindin. Ita ma maƙabarta tana buƙatar gayyarta, ta cike kaburburan da damina ta rufta, da sare ciyawa, da gyaran shinge kada dabbobi su riƙa ratsawa.

Hidimar yau da gobe ba ta kai wannan nauyi ba, shi ya sa ba a cika lura da ita ba. Akwai mai share masallaci da kakkaɓe tabarmi, da mai cika randa da butoci kafin asuba, da mai kula da batirin sola, da maginan da ke yaɓe kafin saukar ruwa. Da azumi a kawo kunu da ƙosai da dabino ƙofar masallaci don matafiyi da marar hali. Baƙon da dare ya yi wa a kai shi zauren liman ko na mai unguwa. Babban kaso na wannan duka mata ne ke yinsa daga cikin gida: su ke dafa abin buɗa-bakin, su ke zuba wa almajiri a kwanonsa, su ke kwana da mai jego.

'Yan Taru

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya mai da Wurno ribaɗi, ya zauna a can, a can kuma ya rasu a 1837, inda hubbarensa yake har yau. Ƙanwarsa Nana Asma'u (1793–1864), matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta yi zama a Sakkwato da Wurno, kuma a wajajen 1830 zuwa 1840 ta tsara hanyar kai ilimi ga matan karkara waɗanda aure da goyo suka hana barin gida. Ta riƙa zaɓar dattijuwa mai hankali da riƙon addini daga ƙauye ta naɗa ta jaji, alamar naɗin kuwa malfa ce da jan rawani. Jaji takan taho da ayarin tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, su koyi waƙoƙin da Asma'u ta tsara da Hausa da Fulatanci a kan tauhidi da tsarki da salla da kyawawan halaye, su koma su karantar da matan aure a cikin gidaje. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Aikinsu bai tsaya a karantarwa ba. Masu binciken tarihinsu, musamman Jean Boyd wadda ta daɗe tana aiki a Sakkwato, sun nuna cewa sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da tufafi a raba wa mabuƙata, kuma a garuruwansu sukan yi wankan gawar mata da jinya da sasanta masu rigima. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancinsu, tsarin kuma ya rayu har bayan zuwan Turawa a 1903.

Abin lura a nan shi ne Nana Asma'u ta kama suna. Ta ɗauki aikin da ke kan kowa ta ɗora shi a kan mace sananniya, mai alama a ka, wadda ta san wurin da za ta koma ta ba da bayani, kuma tana tafe da 'yan matan da za su gaje ta. Shi ya sa tsarin ya daɗe bayan mai shi.

'Yan agaji

An haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Rabah a 1910, ya zama hakiminta a 1934, daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa. A 1962 ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, ƙungiyar da Sarkin Musulmi ke shugabanta, wadda daga baya ta samu rundunar 'yan agaji masu kaki. Fityanul Islam da aka kafa a Kano a 1963, da Izala da Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, kowacce tana da tata rundunar. Yau da wuya a je wa'azi ko Maulidi ko filin Idi ko sansanin alhazai ba a ga 'yan agaji ba.

Ɗan agaji ne ke daidaita sahu, ya raba hanyar maza da ta mata, ya tsare takalma da babura, ya ɗauki wanda ya yanke jiki ya faɗi, ya raka marar lafiya asibiti, ya shiga haƙar kabari. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke ɗinka kakin. Suna da muƙamai da kwamandoji da horon fareti da na taimakon gaggawa, kuma saurayin ƙauye kan samu a cikinsu tarbiyyar da ba lallai ya samu a wani wuri ba. 'Yan agajin Izala sun shahara da bi gida-gida da Babbar Salla suna karɓar fatun layya, a sayar a zuba kuɗin a makarantu da masallatai da kula da marayu. A ɓangaren mata akwai FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, wadda Hajiya A'isha Lemu ta zama amirarta ta farko. Inda rundunonin sukan gaza shi ne haɗa kai. Gari ɗaya na iya samun runduna uku, kowacce ta iya tsare taron malamanta, amma a rasa zama ɗaya da za a yi tare a koyi tsayar da jini ko ɗaukar wanda ya karye. Marar lafiya kuwa ba ya tambayar launin kakin wanda ya tallabe shi.

Zakka da lafiya

Ƙasar ta noma ce: gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa a fadamar Rima, wadda madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 take shayarwa. Zakkar hatsi tana da muhimmanci a irin wannan wuri. In amfani ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin idan da wahala aka yi ban-ruwa, da inji ko jigo. A mazhabar Malikiyya ba a fitar da zakkar albasa da tafarnuwa su kansu, sai dai kuɗinsu in ya cika sharaɗi. Tumaki da awaki in sun kai 40 a fitar da ɗaya, shanu kuma daga 30 ake farawa. Dole a samu wanda ya san wannan lissafi, da mai bin manoma da kaka yana tuna musu, da mai awo da ajiya, da kuma wanda ya san gidan da ba a ɗora tukunya jiya ba amma kunya ta hana su faɗa. Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda ta fara a matsayin kwamiti kafin ta zama hukuma a 2016, kuma tana aiki ta hannun kwamitocin gundumomi ƙarƙashin iyayen ƙasa. Ƙarfin kwamitocin yana wurin mutanen gari da suka yarda su ba da lokacinsu da sanin da suka yi wa maƙwabtansu.

Harkar lafiya ta buɗe wa mata wata ƙofa. Daga 2012 UNICEF ta riƙa ɗaukar matan unguwa masu wayar da kai a kan rigakafin shan inna a jihohin Arewa, har da Sakkwato. Su ne ke shiga gidan suna su rubuta jariri, su lallashi uwar da ke ɗari-ɗari, kuma suna da babban rabo a nasarar da aka sanar ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. A 2013 jihar ta fara wani shiri da mata 2,440, goma daga kowace mazaɓa cikin 244, don kai wa masu haihuwa a gida ƙwayar hana zubar jini da maganin shafa wa cibiyar jariri. Raunin irin waɗannan shirye-shirye shi ne sun jingina da ɗan alawus daga masu ba da tallafi. In tallafi ya yanke, aiki ya yi sanyi, sai in jama'ar gari sun ɗauke shi a matsayin nasu.

Ambaliya da gudun hijira

A watan Satumban 2010 ruwa ya cika madatsar Goronyo, Rima ta yi ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A irin wannan rana masunta da masu jiragen ruwa da samarin da suka iya iyo ne ke fara kwashe mutane kafin motocin agaji su iso. Sai kuma bala'in 'yan bindiga. Harin da aka kai Tabanni a ƙasar Gandi cikin Rabah a watan Yulin 2018 ya koro jama'a zuwa garin Gandi, na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 kuma ya ci rayuka fiye da 40. Wanda ya tsere da rigar jikinsa, dangi da mutanen gari ne ke fara buɗe masa zaure su raba tuwonsu da shi, kuma wannan nauyi yakan daɗe bayan 'yan jarida sun tafi. 'Yan sintiri masu ɗaukar makami, waɗanda su ma ake kira 'yan sa-kai, wani babi ne daban mai nasa dokoki da haɗurra.

Yadda majami'un Yahudawa suka tsara nasu

Matsalar aikin da ke kan kowa ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Cikin al'ummomin da suka yi nisa wajen tsara ta akwai Yahudawa, waɗanda suka yi ƙarnoni suna zaune a matsayin 'yan tsiraru a Turai da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba su da hukumar da za ta binne musu mamaci ko ta ciyar da matalautansu. A Najeriya mabiya addinin kaɗan ne, yawancinsu Ibo ne a kudu maso gabas, sai wasu majami'u a Abuja. Tsarin nasu baƙo ne ga mutumin Rara, amma ayyukan da ke ciki duk ya san su.

Tun a Mishna, littafin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, da Talmud da ya yi mata sharhi, an bambanta asusun kuɗi da ake raba wa matalautan gari mako-mako da kwanon abinci da ake rabawa kullum ga duk mai yunwa har da baƙo. An kuma sharɗanta mutum biyu su tara kuɗin asusun, mutum uku su raba. Malaminsu Musa bn Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya jera sadaka mataki takwas, ya sa mafi girma shi ne a ba mutum rance ko jari ko aikin da zai tsaya da ƙafarsa, mai bi masa kuma ita ce wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba.

Ƙungiyar da ta fi daraja a majami'a ita ce Hebra Kadisha, ta masu jana'iza. Wadda aka kafa a birnin Firag a 1564 ta yi suna saboda dokokinta rubutattu, wasu garuruwa suka yi koyi da ita. 'Ya'yanta ne ke wanke gawa, maza ga maza, mata ga mata, su sa ta cikin farin likkafani iri ɗaya ga mai kuɗi da talaka, wasu kuma su yi zaman gadinta bi da bi har a binne. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi sun ware rana ɗaya a shekara, bakwai ga watansu na Adar, su yi azumi, su maimaita karatun hukunce-hukuncen aikin, su nemi gafara in sun gaza wajen girmama wani mamaci. A kwana bakwai na zaman makoki maƙwabta ke kawo abinci, kuma da yake addu'ar jam'i ba ta yiwuwa sai mutum goma sun haɗu, akwai masu zuwa gidan makoki musamman don cika adadin.

Dubiya ma tana da ƙungiyarta, Bikur Holim, mai jerin sunayen wanda zai je wurin wane a wace rana, da wanda zai kai shi asibiti a motarsa. Akwai Gemah, asusun rance ba ruwa. Wanda Yahudawa 'yan ƙaura suka kafa a Niyu Yok a 1892 yana aiki har yanzu, kuma tunanin ya wuce kuɗi ya kai ga aron kaya: kujerun biki, rigar amarya, gadon jariri. A birnin Ƙudus, Uri Lupolianski ya kafa Yad Sarah a 1976, wadda ke ba da aron keken guragu da na'urar iskar numfashi da sauran kayan jinya. Hatzalah, rundunar 'yan agajin motar asibiti, ta faro ne a unguwar Buruklin ta Niyu Yok cikin shekarun 1960. A Birtaniya, Laura Marks ta fara Mitzvah Day a 2005, rana ɗaya a watan Nuwamba da ake fita hidima tare da mabiya wasu addinai, Musulmin ƙasar kuma suka fara tasu ranar, Sadaqa Day, a 2015. Wanda ya shiga majami'a a yau yakan tarar da jerin kwamitoci, kowanne da sunan mai kula da shi, ya zaɓi wanda ya dace da lokacinsa. A majami'u da yawa na Amurka yaron da ke shirin bikin balaga, a shekara 13 ko 12, ana sa shi ya zaɓi wata hidima ya yi. Su ma suna kukan tsufan masu aiki da ƙarancin matasa, amma takarda ta sa ana ganin giɓin tun kafin ya yi ɓarna.

Abin da ya rage, da hanyar shiga

Mutanen Rara da Wurno da Goronyo ba su rasa tausayi ko son lada ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin abin da Nana Asma'u ta yi da malfa, majami'u kuma suka yi da takarda. Littafi ɗaya a hannun na'ibi zai iya ɗaukar sunayen masu wankan gawa maza da mata da masu koyo a bayansu, da masu babur ko mota da suka yarda a tashe su da dare, da waɗanda aka gwada jininsu suka yarda su bayar. Keken guragu ɗaya da sandunan dogarawa da aka ajiye a masallacin Juma'a za su iya zaga gidaje da yawa. Mutanen da suka riƙe adashe shekara da shekaru ba za su kasa riƙe ƙaramin asusun rance ba ruwa ba, muddin masu karɓar kuɗi daban, masu rabawa daban, kuma ana karanta lissafi a gaban jama'a. Wasu na ganin rubuta suna yana jawo riya. Tsoron yana da tushe, amma rubuta wanda ke da alhakin aiki daban yake da shelanta wanda ya ba da kyauta, kuma sunan mai karɓa ya fi kowanne cancantar a ɓoye.

Mai son shiga ba ya buƙatar takardar neman aiki. Saurayi ya samu liman bayan salla ya ce, "Allah gafarta Malam, ina so a sa ni cikin masu haƙar kabari," ko ya je wurin kwamandan reshen agajin da ya kwanta masa. Mace ta bi ta hannun malamar Islamiyya ko ungozoma ko tsohuwar da ke wankan gawa a unguwarsu. Mai ilimin boko ko lissafi ya fi amfani a kwamitin zakka ko kwamitin raya mazaɓa da ke kula da ƙaramin asibiti. Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina hannaye na gona, kuma a lokacin ne ambaliya da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa suke zuwa. Da rani samari da yawa sun tafi ci-rani, wasu na fadama. Tsakanin gama kaka da tashin 'yan ci-rani ne ake samun mutane a gida da abinci a rumbu, don haka a wannan ɗan tsakanin ya fi dacewa a tara zakka, a yi gayyar maƙabarta, a shirya horon taimakon gaggawa, a kuma sabunta sunayen waɗanda za su rage a gari har saukar ruwa.